YADDA TURAWA SUKA SAYAR DA WAƘA A TAKARDA

Ya kai mai karatu, yanzu da ka iya haɗa baƙi da wasali, ka san magana ta kan kwanta a takarda, ta jira wanda zai zo ya tashe ta. To, akwai wani abu kuma wanda takarda ta kan ɗauka, shi ne karin waƙa. Ka san malamai sun daɗe suna rubuta waƙoƙi da ajami, amma baitoci kaɗai ke cikin takardar. In kana so ka san yadda a ke rera su, tilas ka zauna gaban wanda ya iya, ka ji da kunnenka. Su kuwa Turawa sun sami dabarar rubuta karin kansa, watau inda murya za ta hau, da inda za ta sauka, da inda za ta ja, da inda za ta tsaya.

Daga wannan dabara wata babbar sana'a ta fito a Ingila da Amurka, ta yi tashe tun daga wajen shekara ta 1820 har wajen 1920. Waƙa ta zama haja, ana buga ta a takarda, ana sayarwa a kanti kamar yadda a ke sayar da yadi. Da ta zama haja kuwa, sai rigima ta tashi a kan wanda zai ci ribarta: wanda ya tsara ta ne, ko wanda ya buga ta, ko wanda ya rera ta? Labarin wannan rigima za ka karanta a nan, amma bari mu fara da rubutun kansa.

Yadda a ke rubuta kari

Ka ɗauki takarda, ka ja layi biyar a kwance, wani bisa wani, kamar matakan tsani. Wannan shi ne filin rubutun. A kan sa ɗigo a kan layi, ko a tsakanin layi biyu. Ɗigon da ke ƙasa yana nuna murya mai kauri, wanda ke sama yana nuna siririya. In ka ga ɗigogi suna hawan tsanin, murya tana hawa ke nan, in suna gangarowa, ita ma ta gangaro.

Siffar ɗigon kuma ita ke nuna tsawon da za a ja muryar. Ka ɗauka kana tafi da hannu a hankali. Ɗigon da aka bar cikinsa fili, kamar ƙwai, a kan ja shi tafi huɗu. In an sa masa sanda, tafi biyu. In an cike shi da tawada aka sa masa sanda, tafi ɗaya. In an ƙara wa sandar ɗan wutsiya, rabin tafi. Akwai kuma alamun da ke cewa a yi shiru, da waɗanda ke cewa a ɗaga murya ko a sassauta. A ƙarƙashin ɗigogin a kan rubuta kalmomin waƙar, kowace gaɓa daidai da ɗigonta. Ta haka mutumin da bai taɓa jin waƙa ba zai duba takarda ya rera ta yadda mai ita ya nufa, ko da teku ce tsakaninsu, ko da mai ita ya daɗe a kabari.

Wani malamin coci na ƙasar Italiya, sunansa Guido, mutumin garin Arezzo, shi ya daidaita wannan hanya wajen shekara ta 1025, domin yaran da ya ke koya wa waƙa su daina shekara da shekaru suna hadda. Shi layi huɗu ya yi, daga baya aka mai da su biyar. A shekara ta 1501 kuma wani mai ɗab'i, Petrucci, ya buga littafin waƙoƙi a birnin Venice.

Yadda a ke buga takardun

Aikin buga kari ya fi na buga magana wuya, don layi da ɗigo da sanda duk sai sun hau juna daidai. Saboda haka a kan sami allon ƙarfe mai taushi, na kuza gauraye da darma. Magini ya ja layukan da abin kartawa, sa'an nan ya ɗora ƙarfe mai siffar ɗigo ya buga da guduma, ɗaya bayan ɗaya. Kome a juye ya ke yinsa, kamar rubutun hatimi, don in an danna takarda ya fito daidai. In ya yi kuskure, sai ya juya allon ya buga wurin ta baya har ya shafe, ya sake.

A shekara ta 1796 wani Bajamushe, Senefelder, ya gano dabarar bugu da dutse. Ya lura mai da ruwa ba su gamuwa. In an yi zane a kan dutse mai santsi da tawada mai maiƙo, aka jiƙa dutsen, sabuwar tawada ba ta kama ko'ina sai inda zanen ya ke. Wannan ya sa bugu ya yi araha, ya kuma sa aka iya ƙawata bangon takardun da hotuna masu launi. Takardar waƙa guda ba ta da yawa, 'yan shafuffuka ne. A bango a kan sa sunan waƙar, da hoto, da sunan mawaƙin da ya yi suna da ita, da kuɗinta. Ka riƙe maganar bangon nan, za mu komo kanta.

Falo da piyano

A farkon zamanin nan babu rediyo, babu garmaho. Wanda ya ke son jin kiɗa a gidansa, sai shi ko iyalinsa su yi da kansu. A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulkin Ingila daga 1837 zuwa 1901, 'yan kasuwa da akawuna da likitoci sun yawaita, sun sami abin hannu. Kowannensu ya kan keɓe ɗaki guda a gidansa don karɓar baƙi. Kalmar nan tamu ta falo, daga sunan wannan ɗaki aka aro ta. Abin da ya fi kome daraja a cikin ɗakin shi ne piyano.

Piyano wani babban akwatin kiɗa ne, wanda wani Ba'italiye, Cristofori, ya ƙaga a birnin Florence wajen shekara ta 1700. Cikakken piyano yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In ka danna ɗaya, sai wata 'yar guduma ta doki tsirkiyar waya a ciki, ta yi ƙara. Yawanci 'yan mata a kan koya wa kaɗa shi, don a wurinsu alamar tarbiyya ce. Da dare, bayan an ci abinci, yarinya ta zauna ta buɗe takarda tana kaɗawa, uba ko wa ko baƙo ya tsaya a gefenta yana rerawa, sauran su karɓi amshi. A shekara ta 1909 kaɗai, masana'antun Amurka sun ƙera piyano fiye da 300,000. Kowane gida mai piyano kuwa yana bukatar sababbin takardu.

Tun da ya ke ba gwanaye za su rera ba, sai masu tsara waƙoƙin suka sauƙaƙa su. Murya ba ta hawa can ƙoli, kiɗan ba ya wahalar da yatsu, amshi kuma gajere ne mai saurin zama a ka. Yawancinsu waƙoƙin bege ne da juyayi: begen gida, da tuna uwa, da yaron da ya rasu, da matuƙin jirgin ruwa da bai komo ba, da masoyan da suka rabu. Kada ka yi mamakin haka. Zamani ne da mutane ke barin ƙauyuka suna tafiya biranen masana'antu, dubbai suna ƙetare teku zuwa Amurka da Ostareliya ba su sake ganin iyayensu, yara kuma suna mutuwa da yawa. Abin da ke cin zuciyar mutane shi suka saya.

Wadda ta fi duka suna ita ce "Home, Sweet Home", waƙar begen gida. An fara rera ta a Landan a 1823. Wani Baturen Ingila, Henry Bishop, ya yi karin, wani Ba'amurke, John Howard Payne, ya tsara kalmomin. Lokacin yaƙin basasar Amurka, a watan Disamba 1862, rundunar Arewa da ta Kudu sun kwana kusa da juna a bakin kogin Stones. Makaɗan wannan gefe suka kama ta, na wancan gefe suka karɓa, sojoji suka rera tare, gari ya waye suka faɗa wa juna. Shi kuwa Payne, masu ɗab'i ne suka kwashe ribar waƙarsa. Bai yi aure ba, ya ƙare kwanakinsa yana wakilin ƙasarsa a Tunis, can ya rasu a 1852. Sai a 1883 aka kwashe ƙasusuwansa aka mai da su Washington.

Kura da shan bugu

Labarin Stephen Foster shi ya fi nuna yadda sana'ar ta ke. An haife shi a 1826 kusa da birnin Pittsburgh. Yana aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa na wansa a Cincinnati sa'ad da waƙarsa "Oh! Susanna" ta fito a 1848. Nan da nan ta game ƙasa, masu tafiya neman zinariya a California suna tafe suna rera ta. Gidajen ɗab'i fiye da goma suka buga ta, kowa ya sayar ya sa a aljihu. Abin da ya shigo hannun Foster dala 100 ne.

Da ya ga haka, a 1849 ya yi sharaɗi da wani gidan ɗab'i na New York, Firth da Pond, cewa za a riƙa ba shi senti 2 a kan kowace takarda da aka sayar. Dala ɗaya senti 100 ce, takardar kuwa senti 25 a ke sayar da ita. Ya bar akawu, ya ce da tsara waƙa zai ci abinci, abin da kusan babu wanda ya taɓa gwadawa a ƙasarsu. Amma ka lura, daga takarda kaɗai ya ke samu. Ko mawaƙi ya cika zaure da mutane dubu da waƙarsa, doka ba ta ce a ba shi ko senti ba.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ka sani. Waƙoƙinsa na fari an yi su ne don wani irin wasa na zamanin bauta, inda fararen fata su kan shafa baƙi a fuska, su hau dandali suna kwaikwayon baƙaƙen bayi, suna mai da su abin dariya. Wasan wulakanci ne, yau Amurkawa da kansu suna ƙyamarsa. Foster ya ji nauyin a ga sunansa a kan irin waɗannan waƙoƙi. Saboda haka da ya tsara "Old Folks at Home" a 1851, ya karɓi ɗan kuɗi kaɗan, ya yarda aka sa sunan shugaban masu wasan, E. P. Christy, a bango a matsayin mai waƙar. Waƙa ta yi kasuwa fiye da zato. A 1852 ya rubuta wa Christy wasiƙa yana roƙon a mai da masa sunansa, bai samu ba. Sunansa bai hau bangon waƙar ba sai a 1879, bayan ya shekara 15 a kabari.

Kada ka ɗauka bai sami kome ba sam. Cikin shekara 11 ya karɓi wajen dala 15,000, kuɗin da zai riƙe gida a zamanin. Amma kashewarsa ta fi samunsa, ya riƙa cin bashi a wurin masu ɗab'i. A 1857, da bashi ya kai masa wuya, ya sayar musu da dukan rabon da zai samu nan gaba a kan waƙoƙin da ya riga ya yi, a kan abin da bai kai dala 2,000 ba. Ya sayar da gona ke nan don ya ci damin bana. Daga nan ya koma sayar da sababbin waƙoƙi kai tsaye a kan 'yan daloli, shan giya kuma ya kama shi. Ya rasu a asibiti a New York ran 13 ga Janairu 1864, yana da shekara 37. Ya bar waƙoƙi fiye da 200. Da aka buɗe jakar kuɗinsa, senti 38 aka tarar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wanda ya riƙe abinsa

Ga kuma wani, Charles K. Harris, na birnin Milwaukee. Shi bai ma iya rubutun kari ba, sai ya rera, wani ya rubuta masa, ya biya shi lada. Amma ya iya lissafi. Ya ga abin da masu ɗab'i ke ba shi bai taka kara ya karya ba, sai ya buɗe nasa gidan ɗab'in. A 1892 ya buga "After the Ball", labarin wani tsoho da ya rabu da masoyiyarsa saboda zargin da bai bincika ba. Ya biya wani mashahurin mawaƙi don ya riƙa rera ta a dandali. A 1893 makaɗan John Philip Sousa suka yi ta kaɗa ta a babban bajekolin Chicago, baƙi suka koma garuruwansu kowa da takardarsa. An sayar da fiye da miliyan 5. Da ya ke shi ne mai waƙa, shi ne kuma mai ɗab'i, ribar ba ta bi ta hannun kowa ba.

Daga nan sana'ar ta zama ta tallace-tallace sosai. Masu ɗab'i suka taru a titi na 28 a New York. Kowane ɗaki da piyano, kowa yana gwada tasa waƙar, ƙara ta cika titi kamar ana bugun kwanoni, har aka yi wa wurin laƙabi Tin Pan Alley, watau lungun kwanoni. Suka ɗauki 'yan talla waɗanda aikinsu su shiga kantuna da gidajen wasa su yi ta rera sabuwar waƙa har ta zauna a kunnen mutane. A Landan kuwa, tun 1867 gidan ɗab'i na Boosey ya ke shirya taron waƙa musamman don a ji hajarsa, ana ba manyan mawaƙa rabo a kan kowace takarda don su riƙa rera ta. Boosey ne ya buga "The Lost Chord", wadda Arthur Sullivan ya yi wa kari a 1877 yana zaune a bakin gadon wansa da ke jinyar ajali.

Ɓarayin takarda

Inda riba ta ke, ɓarawo ba ya nisa. Wajen shekara ta 1900 an sami dabarar ɗaukar hoton shafi a buga shi da araha. Sai waɗansu mutane a Landan suka riƙa sayen takarda guda ta halal, su buga dubbai a ɓoye, su ba 'yan talla su bi titi. Kuɗin Ingila na lokacin irin wanda aka yi amfani da shi a Nijeriya ne kafin naira ta zo a 1973: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Takardar halal sule ɗaya da kwabo huɗu ce a kanti. Ta sata kuwa kwabo biyu zuwa huɗu. Ɓarawo bai biya mai waƙa ba, bai biya magini ba, bai biya mawaƙi ba, ta yaya ba zai yi araha ba? Talakawa kuma suka ce masu ɗab'i sun daɗe suna tsawwala musu kuɗi, suka saya ba ko jin nauyi.

Masu ɗab'i suka ɗauki ƙarfafan mutane suna fasa ɗakunan ajiyar ɓarayin, har a kan ba hammata iska. Majalisar Ingila ta yi doka a 1902 ta yarda a ƙwace takardun sata, amma ba ta yanka hukunci ba, saboda haka in an ƙwace yau, gobe a sake bugawa. Wani gidan ɗab'i ya sauko da kuɗin takardunsa zuwa sisi. A 1905 manyan gidajen suka ce ba za su ƙara karɓar sabuwar waƙa ba sai an gyara doka. A 1906 aka ɗaure shugaban ɓarayin, James Willetts, wata tara, a shekarar kuma aka yi sabuwar doka mai tara da ɗauri. Sa'an nan abin ya lafa.

Sauran maganar wanda a ke rera waƙarsa a taro ba a biya shi ba. Faransawa ne suka fara warware ta. A 1847 wani mai tsara waƙa, Ernest Bourget, ya shiga wani gidan shaƙatawa a Paris, ya tarar ana kaɗa waƙarsa. Ya ce ba su biya shi ba. Magana ta kai gaban alƙali, aka ba shi gaskiya. A 1851 masu waƙa na Faransa suka kafa ƙungiyar SACEM, mai bi gidajen wasa tana karɓo musu haƙƙinsu. Ingila da Amurka suka kafa irin tasu a 1914, shekara 50 daidai bayan rasuwar Foster.

Ƙarshen kasuwar

Abin da ya karya kasuwar takarda kuwa inji ne. Edison ya ƙaga injin ɗaukar murya a 1877, Berliner ya ƙaga garmaho mai faifai a 1887. Aka buɗe gidan rediyo a Pittsburgh a 1920, BBC kuma a 1922. Wanda zai murɗa akwati ya ji gwani, me zai sa ya shekara biyar yana koyon piyano? A hankali faifai ya karɓe kasuwa, piyano ya zama wurin ɗora hotuna a gidaje da yawa.

Amma takardun ba su ɓace ba. Suna nan jibge a manyan ɗakunan littattafai, Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka kaɗai tana da wani tari na wajen 30,000. Babu wanda ya ɗauki muryar Foster ko ta Bishop, amma duk wanda ya iya karatun layin nan biyar zai zauna yau ya rera waƙarsu daidai.

To, ya kai mai karatu, ka dubi mutum biyun nan. Foster ya fi Harris gwaninta nesa ba kusa ba, amma ya ba da sunansa, ya sayar da rabonsa na gobe don bukatar yau. Harris ya riƙe abinsa. Ko waƙa ce ka tsara, ko littafi, ko gona ce za ka jinginar, in an miƙo maka takarda a ce ka sa hannu, kada kunya ko gaggawa su hana ka karanta ta tun daga farko har ƙarshe. Inda ba ka gane ba, ka tambayi wanda ka amince da shi. Ka ga an rubuta sunanka a kan aikinka, an rubuta abin da za a ba ka, da ranar da za a ba ka, ka kuma karɓi kwafinka ka adana. Dā dangwala yatsa ka ke yi a kan abin da wani ya karanta maka. Yanzu kana da idon kanka, ka yi aiki da shi.